Daga Kaulaha Zuwa Ndar, Garin Dafa-duka

Mafi yawan Hausawan da suka taɓa taka ƙasar Senegal, Kaulaha ce ta kai su. Tun da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin Hajjin 1937, ƙafa ba ta ɗauke ba tsakanin ƙasar Hausa da Madina Baye, unguwar Shehun a Kaulaha. Shehu ya rasu a Landan a 1975, amma har gobe in watan Maulidi ya kama, a unguwar nan Hausa za ka riƙa ji ta ko'ina: ga mutanen Kano da Zariya, ga na Gusau, ga na Maraɗi da Damagaram, ga 'yan zangon Kumasi, kowa da carbinsa. Ni ma ziyarar ce ta kai ni, ni da yayana. Labarin zikiri da ƙasidu akwai waɗanda suka fi ni iya ba da shi. Nawa labarin na tukunya ne.

A gidan da aka sauke mu, kullum bayan azahar sai a shigo da ƙaton faranti cike da jar shinkafa, kifi da kayan lambu a tsakiya, abincin da suke kira cebu jen. Ƙwayar shinkafar ce ta fara ɗaukar hankalina. Karyayya ce, ƙanana-ƙanana, irin wadda a wurinmu ake ware wa dambu ko tuwo, wadda ba matar da za ta yarda ta kai wa baƙo a matsayin dafa-duka. Ga ta kuwa warara, ba ta caɓe ba, kuma ɗanɗanon ya ratsa ta har ciki, ba a bayan ƙwayar ya tsaya ba. Na tambayi wani ɗalibi ɗan Katsina da ke yi mana hidima, wanda ya daɗe yana karatu a can har Wolof ta zauna a bakinsa, ya kuma auri 'yar ƙasar. Ya ce, "Hajiya, wannan ai girkin taro ne, ana sauri. In kina son ganin uwarta, sai Ndar. Can ne garin su maiɗakina, kuma in an watse daga Maulidi za mu je gaishe da tsohuwa." Yaya bai yi musu ba, ya ce tun da mun zo da nisa haka, ƙarin tafiyar yini ɗaya ba za ta gagare mu ba.

Ndar shi ne garin da Faransawa suka raɗa wa San Luwi, can arewa, a bakin iyakar Muritaniya. Mun shiga tsohuwar Fijo mai ɗaukar mutum bakwai, wadda ita ce motar haya tsakanin garuruwan Senegal. Daga Kaulaha muka bar filayen gishiri na bakin kogin Salum, muka shiga ƙasar gyaɗa. Wanda ya san tarihin dalar gyaɗa a Kano zai gane ƙasar nan da ganin farko: rairayi, gonakin gyaɗa da gero, itatuwan kuka tsaitsaye har iya ganinka. Muka bi ta Ces, muka yi sallah a Tiwawan inda zawiyar Alhaji Malik Si take, wanda ya rasu a 1922, sannan muka miƙe arewa ta Luga.

A Luga ne ɗalibin nan ya nuna mana hanyar da ta yi gabas, ya ce can ce ƙasar Jolof. Daula ce ta Wolofawa da ta kafu a ƙarni na 14, ta mallaki yawancin ƙasar da ke tsakanin kogin Senegal da kogin Gambiya, har ta tarwatse bayan yaƙin Danki a 1549, ta koma ƙaramar masarauta. Sarkinta na ƙarshe mai cin gashin kansa, Alburi Njay, ya ƙi miƙa wuya ga Faransawa, ya yi hijira gabas a 1890, ya yi ta tafiya yana yaƙi har ajali ya riske shi a yankin Dosso, cikin Nijar ta yau. Ashe mai sunan shinkafar jalof, wadda 'yan Legas da 'yan Akra ke rigima a kanta, kusa da mu yake kwance. Sai dai mutanen wancan zamani gero ne abincinsu, har yanzu ma da daddare dambun gero ake ci a ƙauyukan yankin. Tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka zo a jiragen Turawa. Sunan tsoho ne, amma jar shinkafar da muka sani ta zo daga baya, kuma a bakin teku aka haife ta.

Mun isa Ndar da la'asar sakaliya. Garin kashi uku ne. Akwai Sor, a kan tudu, inda yawancin jama'a ke zaune. Akwai tsibirin da ke tsakiyar kogi, wanda Faransawa suka kafa a 1659, ya zama hedikwatar mulkinsu na Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902, ya ci gaba da zama babban birnin Senegal har 1957. Sai wani siririn zirin rairayi tsakanin kogi da teku, inda masunta suke. Gadar ƙarfe ta Faidherbe, wadda aka buɗe a 1897, tsawonta ya haura mita 500, ita ta haɗa Sor da tsibirin. Tsofaffin benaye masu baranda, fentinsu ya koɗe saboda iskar gishiri, keken doki na kai da kawo a ƙarƙashinsu. Yaya ya fi ni jin daɗin wannan ɓangaren, musamman babban masallacin tsibirin mai agogo da ƙararrawa a jikin hasumiya, abin da bai taɓa gani a wani masallaci ba. Ni hankalina na kan gidan tsohuwa.

Gidan a Sor yake, tsakar gida mai rairayi da bishiyar darbejiya. Tsohuwar doguwa ce, baƙa, ta sha ɗaurin ɗankwali mai tsayi. 'Ya'yanta na kiran ta Yaay, ni ma na bi sahu. Gaisuwar Wolofawa doguwa ce irin tamu, a tambayi gida, a tambayi yara, a tambayi gajiya, a yi ta maimaita sunan zuri'ar mutum. Da 'yarta ta gaya mata abin da ya kawo ni, ta dube ni da kyau, ta ce in dai da gaske nake, to in kwanta da wuri, domin girkin daga bakin ruwa yake farawa.

Da hantsi muka haye gada biyu muka shiga Get Ndar, unguwar masunta. Ban taɓa ganin cunkoso irin wannan ba. Tumaki, yara, taru a shanye, dogayen jiragen katako masu zanen launi-launi da sunayen shehunai a jikinsu, mata da bahuna suna jiran jirgi ya taɓa gaɓa. Yaay ba ta sayen kifi da ido kaɗai. Sai ta ɗaga marfin kunnensa ta ga ko cikin ja ne jawur, ta danna jikinsa da yatsa ta ga ko naman zai dawo, ta shinshina. Kifin da ake alfahari da shi a wannan girki sunansa cof, farin nama gare shi mai tauri wanda ba ya dagargajewa a romo. Ta ce lokacin ƙuruciyarta talaka ma na cin sa, yanzu kuwa ya yi wuya ya yi tsada, manyan jiragen ƙasashen waje sun share teku, mai kyansa kuma Turai ake kai shi. Yawancin gidaje sun koma kan yaboy, ɗan ƙaramin kifi mai ƙaya, shi ma masana'antun garin kifi suna wawashe shi. Ta nuna mini gidajen da teku ya cinye a gefen unguwar. A 2003 an yanka zirin rairayin nan domin ambaliyar kogi ta samu mafita, yankan 'yan mitoci ne kawai, amma ruwa ya yi ta buɗa shi har ya zama kilomitoci. Samari da yawa na unguwar, in ji ta, a irin waɗannan jiragen suka kama hanyar tsibiran Kanari na Sifen, wasu sun isa, wasu har yau ba labari. Ta faɗi haka tana ƙirga canjinta. Ranar, saboda baƙi, cof ta saya.

Daga nan muka biya wurin masu busasshen kaya. Abu uku ta saya waɗanda su ne ƙashin bayan girkin. Na farko gej, kifi ne da ake bari ya ɗan ruɓa, a sa masa gishiri, a shanya. Na biyu yet, wani ƙaton dodon koɗin teku da ake yi wa irin wannan aikin, launinsa ruwan zuma, warinsa kuwa sai mai ƙarfin hali. Na ɗan ja baya, sai 'yarta ta tuna mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Na ukun da ta miƙo mini na shinshina, sai na yi dariya don murna: daddawa ce, ta ɗorawa, irin tamu sak, su suna ce mata netetu. Sauran kayan duk na gida ne. Rogo, karas, kabeji, kabewa, yalo, gauta mai ɗaci, kuɓewa, tsamiya, ganyen yakuwa, attarugu, tumatirin gwangwani, man gyaɗa.

Kafin ƙarfe goma sha ɗaya an hura gawayi. Aikin farko na turmi ne. Ta zuba ganyen fasli mai yawa, da lawashi, da tafarnuwa, da barkono, da masoro, da gishiri, ta kirɓa har suka zama kore shar, suka haɗe. Wannan haɗin shi ne rof. Ta yanka kifin gunduwa-gunduwa masu kauri, ta soka wuƙa a kowace gunduwa wuri biyu, ta buɗa ramin da ɗan yatsa, ta cusa rof har ya cika, ta shafe bakin. Ta ce kayan ƙamshin da aka barbaɗa a bayan kifi romo ne ke wanke su, wanda aka cusa a ciki kuwa yana nan har bakin mai ci.

Tukunyar ta dalma ce, mai kauri, mai faɗin gindi. Ta zuba man gyaɗa ba tsoro, ya yi zafi, ta soya kifin sama-sama don fatarsa ta kama jikinta, ta kwashe. A cikin wannan man ta jefa ɗan yankin yet, bai fi tsawon yatsa biyu ba, sai albasa, sai tumatirin gwangwani da ta dama da ɗan ruwa. A nan ne na ga abin da ya raba girkinta da namu. Mu in tumatir ya yi minti biyar yana tafasa a mai, sai mu ce ya soyu, mu tsaida ruwa. Ita ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ludayi a hannu, tana juyawa, in ya nemi kamawa ta yayyafa ruwa cikin tafin hannu, ta ci gaba. Launin ya tashi daga ja mai haske ya koma ja mai duhu, ya doshi ruwan ƙasa, man ya rabu ya taso sama, ƙamshin ya sauya daga tsami-tsami ya koma mai zaƙi-zaƙi. Ya fi ƙarfin minti ashirin. Ta ce da 'yarta ta gaya mini: "Ɗiyata, tumatirin da ba a ba shi haƙƙinsa a mai ba, a cikin shinkafa yake ramawa."

Sannan ta tsaida ruwa mai yawa, ta sa gej da ta wanke, ta sa daddawa da ta daka da albasa. Kayan lambun ba yanka su ake ƙanana ba. Rogo guda-guda, karas a tsaye, kabeji an raba shi huɗu, gauta sukutum. Masu tauri suka fara shiga, masu laushi daga baya, kuɓewa a ƙarshe. Attarugu guda biyu ta ɗora a saman romon ba ta fasa su ba, don su ba da ƙamshi, mai son yaji ya matse a gabansa in an zo ci. Kifin ya koma ciki ya ƙarasa nuna a hankali. Duk abin da ya nuna sai ta tsamo shi da matsami ta ajiye a wani kwano, ta rufe.

Ana cikin haka ta wanke shinkafar, ta sauya ruwa har sai da ya fita garau, ta tsane ta. Sai ga madambaci. Ta ɗora shi a bakin tukunyar romon, ta naɗe mahaɗar da tsumma mai ɗanshi don kada tururi ya tsere, ta zuba shinkafar ta rufe. Duk Bahaushiyar da ta taɓa yin dambu ta san wannan aikin, sai dai ban taɓa tunanin yi wa dafa-duka haka ba. Amfaninsa biyu ne. Shinkafar tana fara nuna da tururin romon, ƙamshi na shigar ta tun kafin ta taɓa ruwa. Kuma ƙwayar da aka turara ba ta neman ruwa da yawa, don haka ba ta caɓewa, ko da karyayya ce. Turaren da ake yi wa shinkafar gumi tun tana cikin ɓawo shi ke sa ta jure dahuwa, ita kuwa wannan ɗanya ce, a madambaci ake ba ta wannan ƙarfin.

Da ta kwashe komai daga tukunya, ta ɗebi romo kamar ludayi huɗu ta zuba a ƙaramar tukunya, ta sa tsamiya, ta bar shi ya yi kauri a gefen wuta. Ta ɗanɗana wanda ya rage, ta ƙara gishiri, ta juye shinkafar a ciki. Romon bai rufe shinkafar da komai ba, iyakarsa daidai kanta. Ta tsaida ludayi a tsakiya, ya tsaya bai faɗi ba, ta gyaɗa kai. Ta rage gawayin har saura kaɗan, ta rufe tukunyar ruf. Sau biyu kawai ta buɗe ta juya daga ƙasa zuwa sama. A tsakanin nan ƙanwar maiɗakin ɗalibinmu ta dafa ganyen yakuwa, ta tsane, ta buga shi da ɗan gishiri da barkono har ya yi laushi.

Ƙanzo kuwa ba hatsari ba ne a wurinsu, da gangan ake yin sa. Bayan an kwashe shinkafa sai a bar na gindin ya ƙara soyuwa a man da ya kwanta, a kankare shi da mara, a kawo shi a kwanonsa daban. Suna kiran sa hoñ, kuma baƙo ake fara miƙa wa.

Wajen ƙarfe biyu aka shimfiɗa tabarma. Faranti biyu, na maza da na mata. An baje shinkafar, an jera kifi da kayan lambu a tsakiya, an zuba romon tsamiya, an ɗora yakuwa a gefe da yankan lemon tsami. Cin ma da ladabinsa. Kowa gabansa yake ci, ba a miƙa hannu tsakiya. Uwar gida ce ke gutsuro kifi da rogo da kabeji tana turawa gaban kowa, ta fi kula da baƙo da yara. Ƙananan yara kan riƙe bakin farantin da hannun hagu, idonsu a ƙasa. Lomar farko da na kai, ba tumatir na fara ji ba, ba kuma yaji ba. Wani ɗanɗano mai zurfi na ji, na kifi da daddawa da abin da ya daɗe a wuta, sannan tsamin tsamiya da yakuwa ya biyo baya ya wanke maiƙon, sannan ɗacin gauta. Warin yet da gej da ya kore ni a kasuwa babu shi ko kaɗan, ya narke ya zama daɗi. Yaay na ta cewa in ci, in ƙara, ban ci komai ba. Da na ce Alhamdu lillahi na ƙoshi, sai ta turo mini wata gunduwar.

Wajen shan shayi, wanda suke dafawa zagaye uku kamar yadda Buzaye ke yi, aka shiga tarihi. Mutanen Ndar sun ce wata mata ce mai suna Penda Mbay, mai girki a garin a ƙarni na 19, ta fara haɗa shinkafa da kifi da tumatir ta wannan hanya, kuma har yau in girkin ya yi kyau da sunanta ake yaba shi. Su suna kiran abincin cebu jen. A Gambiya, inda Wolofawa ma suke, benacin ake cewa, wato tukunya ɗaya. A watan Disamba na 2021 hukumar UNESCO ta sa cebu jen cikin jerin al'adun da duniya ta gada, abin da kowane ɗan garin zai gaya maka ko ba ka tambaya ba.

Karyayyar shinkafar ma da dalilinta, kuma dalilin ba mai daɗi ba ne. Faransawa sun tura manoman Senegal noman gyaɗa domin masana'antun mai na ƙasarsu, gonakin gero suka ragu. Don cike giɓin abinci sai suka riƙa jigilar gutsattsarin shinkafa mai arha daga ƙasashen da suka mallaka a Asiya, yankin Biyetnam na yau. Abin da aka kawo a matsayin rarar masussuka, matan Ndar suka mai da shi abin alfahari, har ta kai yau Basenegale ya fi son karyayya a kan doguwa. Har yanzu ƙasar na sayo shinkafa mai yawa daga Indiya da Tailan, duk da cewa ana noma ta a kwarin kogin Senegal, wajen Rishar Tol, musamman tun da aka gama madatsar Jama a 1986 wadda ta hana ruwan gishiri hawowa kogi. Alhali shinkafa ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Akwai irin Afirka na asali, mai jan ɓawo, wanda aka fara nomawa a fadamun kogin Neja cikin Mali ta yau shekaru dubbai da suka wuce, kuma danginta ne tsofaffinmu ke nomawa a fadamun Sakkwato da Kabi.

Ɗalibin nan ya kawo zancen gardamar da ake yi a intanet tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Gana kan wa ya fi iya jalof. Da aka fassara wa Yaay, ta tambaya da wane kifi muke yi. Aka ce mata yawanci da kaza ne ko naman sa, kuma daban ake soya su a ɗora a kai. Ta ce su ma suna da ta nama, cebu yap, amma a tukunyar ake dafa naman. Ta sake tambaya, to in nama na gefe, shinkafar me ta sha? Ba wanda ya ba ta amsa.

Wannan tambayar ita ce ta tsaya mini. Ba na raina jalof ɗin biki irin ta Legas, ta doguwar shinkafar gumi da markaɗen tattasai da kori da ƙamshin hayaƙin itace. Tana da daɗinta, haka ta Gana mai shinkafa mai ƙamshi da baƙin yajinsu na shito. Amma abin da na gani a tukunyar Yaay ya fi kusa da wani abin da muke da shi tun da, muka kuma fara jin kunyarsa: dafa-dukan ƙauye, ta shinkafa 'yar gida da daddawa da busasshen kifi, wani lokaci da yakuwa ko zogale, komai a tukunya ɗaya, shinkafar ta sha ruwan abin da aka dafa ta da shi. Ita ce muka ture gefe, muka ce abincin talaka ce, muka koma zuba sinadarin ɗanɗano biyar-biyar a tukunya don mu maye gurbin abin da daddawa ke yi a kyauta. A gidajen biki yanzu in aka ji ƙamshin daddawa a shinkafa sai a yatsina fuska. Mutanen Ndar kuwa sun riƙe tasu daddawar da ruɓaɓɓen kifinsu, sun kai su har gaban duniya. Su ma matasansu na jefa dunƙulen, na gani da idona, amma a matsayin ƙari, ba a matsayin ginshiƙi ba.

Ranar da za mu taso, Yaay ta ƙulle mini gej da yet a leda uku-uku, ta ce in sa a ƙasan jaka. Muka bi ta Dakar, tafiyar kilomita 260 da 'yan kai, muka tashi daga filin jirgin Blaise Diagne.

A Kano na tarar girkin ba ya gagara, in dai an san abin da kowane kaya yake yi a tukunyar. Madadin cof, giwan ruwa ya fi dacewa saboda taurin namansa. Tarwaɗa tana saurin farfashewa kuma tana da yauƙi, in ita ce a hannu sai a wanke ta da toka ko lemon tsami, a soya ta sosai, a sa ta a makare. Karyayyar shinkafa tana nan a wurin masu injin casa, kuma ta fi doguwa arha. A tsince tsakuwa, a wanke sosai, a turara a madambaci. Ga kwano ɗaya na shinkafa, gwangwanin tumatir matsakaici ɗaya ya isa, a ƙara ɗanyen tumatir kaɗan in lokacinsa ne, amma kada a cika tattasai, domin zai kai ta wani gari daban. Fasli ana samu a kasuwar 'Yankaba, in babu shi lawashi da tafarnuwa da masoro sun wadatar. Banda ba gej ba ce, ita hayaƙi ta sha, shi kuwa ruɓa ya yi, don haka in da banda za a yi sai a ƙara daddawa ta cike wannan gurbin. Yet ne kaɗai ba shi da madadi a nan. Nawa ina yankar sa ƙanana-ƙanana, ina tattalinsa kamar turaren da aka kawo daga Makka. Lokaci kuma ba a rage shi: daga kirɓa rof zuwa kankare ƙanzo, awa uku ne ko kusa da haka, kuma gawayi ya fi gas ba da ƙanzo mai kyau.

Ranar sunan jikar yayana na dafa ta a babbar tukunya, na zuba a faranti ɗaya na kai ɗakin tsofaffi. Gwaggonmu, wadda ta tashi a wani ƙauye na bakin kogin Haɗeja, ta ci loma biyu ta ɗago kai. Ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya koya miki dafa-dukan masunta?" Na ce daga Senegal na koyo ta, Gwaggo. Ta ce ita ba ta san Senegal ba, amma haka uwarta ke yi musu lokacin kaka in an kamo kifi, da jar shinkafa da yakuwa, sai dai su ba su san tumatirin gwangwani ba, da kauɗar tumatir suke yi, kuma su rogo ba ya shiga. Ta sa aka kira matan gidan su zo su ɗanɗana, ta yi musu faɗa a kan dunƙulen da suke cika wa miya, sannan ta aike ni in kawo mata ƙanzon, ta ce wani karon in ninka daddawar.